Dalilin da Ya Sa Ake Sa wa Amarya Lalle

Dalilin da ya sa ba a kai amarya ɗakin miji sai da lalle a hannunta, yara, ba ado ne mafarinsa ba. Ku matso ku ji.

A zamanin da, amarya wanka kawai ake yi mata, a shafe ta da man kaɗanya, a ɗaura mata saƙi, a kai ta da rana tsaka. Lalle kuwa magani ne na tsofaffi masu kaushi a ƙafa.

To, akwai wata budurwa mai suna Tabawa da aka ɗaura wa aure da wani manomi, Nomau, na ƙauyen da ke tsallaken fadama. Ranar tarewa, gwaggonta Yalwa ta riƙo ta, mata na biye suna waƙa. Suna isa gindin wata tsohuwar tsamiya sai guguwa ta taso ta zagaye su, kowa ta rufe ido. Da iska ta lafa suka duba, sai ga amare biyu a tsaye. Fuska ɗaya, zane ɗaya, har tabon da ke goshin Tabawa.

Waƙa ta mutu a bakin mata. Ta dama ta kama zanen Yalwa tana kuka, ta ce, "Gwaggo, ni ce." Ta hagu ma ta kama, ta ce, "Gwaggo, kada ki bar ni da ita."

Yalwa ta tambaye su sunan kakarsu, suka faɗa tare. Ta tambayi abin da aka ci da safe, suka amsa da murya ɗaya. Sai ta ce, "Ba zan bar kowa a dajin nan ba. Mu tafi duka."

Da suka isa, Nomau ya dubi wannan ya dubi waccan, gumi na zuba masa. Mahaifinsa ya ja Yalwa gefe ya ce, "Na taɓa jin irin wannan. A wani gari sun zaɓi wadda ba ita ba, suka kori ta gaskiya. Kafin damina ta zagayo, ba sauran mai numfashi a gidan. Kuma in rana ta faɗi ta ƙaryar na cikin gidan nan, ba mai iya fitar da ita."

Ga shi la'asar ta riga ta yi.

Aka zaunar da su a tsakar gida, mutane suka ja da baya. Can sai ɗaya ta juya ta dubi ɗayar, ta ce, "Me na yi miki?" Ta caƙume ta, suka kama kokawa, suka faɗa kan wata ƙwarya da uwar Nomau ta kwaɓa lalle a ciki don ƙafarta. Hannuwansu duka suka dulmuya. Da ƙyar aka raba su, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin matsawa ya ba su ruwa. Haka suka zauna, lalle na bushewa a hannunsu, inuwar katanga na ta tsawo.

Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa, Yalwa ta ɗebo ruwa a buta. A ranta ta ce ko me zai faru, 'yarta ba za ta kwana da ƙazanta ba. Ta zuba wa ta farko. Lalle ya wanke, tafin hannu ya fito jawur. Ta juya ga ta biyu, sai ta ga ta cusa hannuwanta cikin zane.

"Miƙo hannunki," in ji Yalwa.

"Sanyi nake ji, Gwaggo."

"Na ce miƙo."

A hankali ta fito da su. Yalwa ta zuba ruwa, lalle ya sulale ƙasa. Hannun bai kama ko ɗigo ba, kuma sanyinsa kamar na dutsen cikin rijiya.

Abin ya ɗago kai ya yi murmushi. Muryar da ta fito ba ta Tabawa ba ce, wata irin murya ce mai kauri, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ta ce, "Yau kun gane ni. Amma ina nan gindin tsamiya, kuma amare ba sa ƙarewa."

Guguwa ta tashi a tsakar gidan, ta ɗebi tabarmi da ƙore, ta haura katanga. Sai saƙi kawai aka gani a yashe. Tabawa ta faɗa jikin gwaggonta, ta kwana bakwai ba ta yarda an saki hannunta ba.

Daga nan tsofaffi suka fahimci cewa abin yana iya aron fuska da murya, amma lalle ba ya zama a jikinsa. Suka yanke cewa kowace amarya a ƙunsa mata lalle tun kafin ta bar gidansu.

Shi ya sa har yau ake sa wa amarya lalle. Yanzu an mayar da shi zanen furanni, ja da baƙi, 'yan mata na ɗaukar hoto suna dariya. Amma ranar da aka kawo amarya unguwarku, ku lura da tsohuwar da ke tarbarta a bakin ƙofa. Kafin ta ce mata sannu da zuwa, hannunta take fara kamawa ta juya shi ta duba.