Duwatsun Kwarin Marke

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Akwai wani ƙauye, Kwarin Marke, can cikin ƙugun tsaunuka, inda rana ba ta leƙowa sai hantsi. Mafitarsa ɗaya ce, wani matsatsin kwazazzabo da ake kira Maƙogwaro. Ta nan rafi ke fita, ta nan baƙo ke shiga. Gonakin garin a jikin tsauni suke, hawa-hawa, kowace an tokare ta da jerin duwatsun da kakanni suka ɗora.

Da aka ce mota za ta fara shigowa, sai aka naɗa Gizo sarkin hanya. Ya dubi taɓon Maƙogwaro ya ce, "Wa zai tsaya fasa dutse, ga shi can a jere? Ku kwaso na gonaki. Aro ne."

Aka kwaso, aka shimfiɗa a hanya.

To, Iya Kififiya ta binne ƙwanta cikin yashin bakin rafi, daidai ƙasan gonakin. Ranar da hadari ya fara haɗuwa, ta ja jiki ta sami Gizo.

"Sarkin hanya, a mayar da duwatsun nan. In ƙasar can ta zubo, a kan 'ya'yana za ta sauka."

"Haba Iya! Ke da ruwa ne gidanki, me ya haɗa ki da tsoron damina?"

"Ni na iya iyo. Ƙwai ya iya?"

Gizo ya ce gobe.

Aka yi yayyafi, rafi ya koma ja wur. Ta dawo. "Dubi ruwan nan. Gonar Rema ce ke wucewa ta ƙofata!"

Rema, wani manomin garin da ke tsaye a wurin, ya sunkuyar da kai, don har da shi aka yi dakon duwatsun. Gizo ya ce, "Kwalliya rafi ya yi wa mota. Jibi."

Ta sake dawowa, sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak. "Ba roƙo na zo ba. Aro ka ce a gaban kowa. Ina biya?"

Kafin ya buɗe baki, tsauni ya yi gurnani.

Wayyo, jikokina! Ruwa ya kece, gonaki suka sulalo ɗaya bisa ɗaya, suka toshe Maƙogwaro. Rafi ya rasa mafita, ya juyo cikin gari. Kififiya ta nutsa cikin laka tana tono, tana lalube. Ta tona nan, babu. Ta tona can, babu. Da ƙyar ta fito da ƙwai ɗaya tak a bakinta.

Da ruwa ya janye, ba hanya, ba gona. Gizo ya haye rufin ɗaki ya maƙale, bai sake saukowa ba. Mutanen gari suka zo yi wa Iya jaje.

Ta ce, "Ku riƙe jajenku. Kowa ya tono dutsen da ya ɗauko, ya hau da shi."

Ta rungume ƙwanta a gindin tsauni tana kallo, wanda duk ya ajiye a karkace sai ta ce ya sake.

Ku ji da kyau: kada ku cire abin da kuka tarar an kafa sai kun tambayi abin da yake tokarewa, kuma in na ƙasa ya kawo kuka, a saurare shi tun sama ba ta zubo ba.

Nan ta tsaya, ƙungurus kan kusu.