Minti Biyar na Da Badung

An yi wani mutum a nan Tudun Wada, ana kiransa Da Badung, "Da" ɗin kuwa lakabin girmamawa ne ga dattijo. Mai walda ne, kuma dattijon ikkilisiya. Ba ya sha, ba ya neman mata. Kafin mai gadi ya buɗe ƙofar majami'a ran Lahadi, ya iso. Kujera ta karye, shi ne. Lasifika ta yi ƙara, shi ne. Ana tsakiyar wa'azi za ka gan shi a baya, waya a kunne, yana faɗa da mai kawo man janareta. Shekara ashirin yana cikin sujada, amma da za ka tare shi a ƙofa ka ce me aka yi wa'azi a kai yau, sai ya ce maka fanka ta uku ba ta juyawa.

Yana da ɗa guda, Natana'el. Yaron ya girma ya faɗa shan ƙwaya, har ya kwance fiyanon ikkilisiya ya sayar. Kunya ta sa uban ya kore shi. Shekara uku ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ran Lahadin da ikkilisiyarsu take bikin cika shekara hamsin, cikin watan Agusta, Da Badung yana tsaye a bakin ƙofa yana nuna wa baƙi wurin ajiye mota, sai ya ji an ce, "Baba."

Natana'el ne. Ya rame, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya. Ya durƙusa a cikin taɓo.

"Baba, na daina. Wata biyar ke nan ban taɓa komai ba. Ina so in dawo gida."

Ya 'yan'uwa, kada ku ɗauka zuciyar mutumin nan dutse ce. Ƙwalla ta cika masa ido. A ransa ya riga ya yafe. Ya miƙa hannu zai ɗaga yaron ke nan, sai janareta ya mutu, waƙar zumuntar mata ta yanke a tsakiya, wayarsa ta hau ruri.

"Tsaya nan wajen mai masara," in ji shi. "Minti biyar, ina zuwa."

Ya gyara janareta. Ruwa ya taru a kan rumfa, ya nemo sanda ya zubar. Aka ce babban baƙo ba shi da ruwan sha. Aka ce shinkafar 'yan kwaya ba ta iso ba. A ciki Fasto yana magana a kan alherin Allah, wanda ba a saye, ba a biya, wanda ya sami ɓarawo a kan gicciye. Kalma ɗaya ba ta shiga kunnen Da Badung ba. Sau biyu ya hango ɗansa ta taga, ya ce a ransa, bari in gama wannan.

Da ya fito, ƙarfe biyu ta wuce. Obianuju mai gasa masara tana kwashe gawayinta.

"Oga Badung, yaronka ya jira fa. Ruwa ya dake shi, bai tashi ba. Na ba shi masara, bai ci ba. Ya ce in gaya maka ya gane, ba komai."

"Ina ya nufa?"

"Ya ce akwai aikin kuza wajen Barkin Ladi."

Me za ku yi in ku ne? Shi ma ya ce gobe da sassafe zai bi shi. Litinin wani da ya ba shi aikin ƙofar ƙarfe ya zo yana masifa. Talata aka mayar da kujerun haya. Laraba taron dattawa. Ran Alhamis da hantsi, yana riƙe da ƙarfen walda, aka kira shi. Ramin kuza ya rufta da mutum huɗu. An sami lambarsa a takarda cikin aljihun rigar da ɗaya daga cikinsu ya bari a bakin ramin.

Da hannunsa ya taya tonon. Ya rungume gawar ɗansa, jar laka har fuskarsa, yana ihu, "Na yafe! Natana'el, na yafe tun ran Lahadi! Ka ji ni!" Maza uku suka ɓamɓare shi da ƙyar.

Daga ranar bai sake taka majami'a ba. Shagon ya rufe. Matarsa ta yi kuka har ta gaji, ta koma wurin 'yan'uwanta. Mutumin da bai taɓa sha ba, yau a gidajen burkutu na Kabong ake samunsa tun safe. Fastonsa ya same shi a can, ya zauna kusa da shi a benci, ya ce, "Da, jinin Yesu ya isa har wannan."

Ya girgiza kai. "Fasto, ɗana ya durƙusa a gabana na ce ya jira. Da wane baki zan ce Allah ya saurare ni? Ku bar ni."

Ya 'yan'uwa, nan ne asarar ta cika. Mutuwar yaron babbar masifa ce, amma ga wadda ta fi ta: mutum ya tsufa a gidan Allah bai san Mai gidan ba. Yana tsammani Allah kamarsa yake, mai hidima da yawa, mai cewa a jira. Da can ƙananan ayyuka ne suka tare masa ido. Yanzu laifinsa ne ya tare. Alherin kuwa yana nan inda yake, bai ragu ba, shi ne ya ƙi ɗaga kai.

Shaiɗan ba kullum yake zuwa da kwalba ba. Wani lokaci da aiki mai kyau yake zuwa, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta faɗi. Wa ke tsaye a ƙofarka yau? Me ke hannunka da ba za ka iya ajiyewa ba?

Da Badung yana da rai har yanzu. Ku sa shi a addu'a. Ubangiji ya buɗe mana ido mu ga alherinsa tun muna da lokaci. Allah ya kiyaye mu, cikin sunan Yesu. Amin.