Ranar da Muntaka Ya Tuge Turakun Raga

Akwai wani ɗan ƙwallo mai suna Muntaka, mutumin wani ƙauye a bayan Gezawa. Ɗan wasan gaba ne, mai lamba tara. Kada ku wahalar da kanku wajen tuno ko kun taɓa ganinsa a talabijin, ba ku taɓa ba.

Muntaka irin 'yan wasan nan ne da ƙuruciyarsu take ƙarewa a ƙananan ƙungiyoyi. Bana yana Gusau, baɗi yana Azare, kafin a ankara an ji shi a Lafiya. Wata ƙungiyar ta rushe yana cikinta. Wata ta canza koci, sabon ya zo da yaransa. Wata kuma ta sallame shi yana kwance yana jinyar gwiwa. Yana cin ƙwallo daidai gwargwado, musamman da ka, amma bai taɓa cin wadda za ta sa manya su waiwayo shi ba.

A gidan kallo na ƙauyen samari sukan tsokane shi, su ce yaushe za su gan shi a Ingila. Shi kuma ya yi dariya ya ce ai ko a Ingilar akwai irinsa birjik, masu yawo daga ƙaramar ƙungiya zuwa wata, kyamara ce kawai ba ta zuwa inda suke.

Dariyar ta ragu a shekarar da ya dawo gida da jakarsa, babu wanda ya kira shi. Ya haura talatin da kyau, kuma a harkar ƙwallo wannan tsufa ne. Matarsa Sauda ba ta taɓa yi masa gori ba, amma shi ya san halin da yake ciki. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada a ce ƙwallo ta gama da shi ke nan ba tare da ko sallama ba.

Ana nan sai wani koci mai suna Kamaruddeen, wanda yake riƙe da wata ƙaramar ƙungiya a Rijiyar Zaki cikin Kano, ya ce yana neman ɗan gaba mai gogewa da zai tsaya wa yaransa. An ba shi sunan Muntaka. Ya ce ya san shi, amma bai yarda da gwiwar nan ba. Ba zai ɗauke shi ba sai ya gani da idonsa ya buga wasa daga farko har ƙarshe.

Aka yi dace ƙungiyar ƙauyen su Muntaka ta kai wasan ƙarshe a gasar ƙauyuka ta rani, kuma a gidansu za a buga. Kocin ya ce zai zo ranar. Ya ƙara da cewa zuwa ɗaya zai yi, domin yana da wasu mutum biyu a ido.

To, a nan sai na yi wa 'yan birni bayani. A ƙauyen su Muntaka babu wani fili da yake zaune haka nan. Gona tana jingine da gona har bakin katangar gidaje, ko ina na da mai shi. Filin ƙwallonsu gonar wani dattijo ce, Malam Uwaisu, aminin marigayi mahaifin Muntaka. Idan an yi girbi an kwashe kara, sai samari su baje kunyoyin, su kafa turakun raga na itacen darbejiya, su yi ta wasa duk rani. Su kuma su kai masa taki, su yi masa gayya in lokacin noma ya zo.

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma kowa ya tashi ya tarar da ita. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar fili ya koma gona. Ba a ƙara ko bugun kusurwa.

Da an bi tsari, da an gama gasar tun kafin bazara ta yi nisa. Amma kun san mu da ɗage wasa. Yau an yi rasuwa, gobe alƙalin wasa ya tafi biki, jibi an yi rigima a kan ɗan wasan haya. Haka aka yi ta ja har hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ranar wasa aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ko da Muntaka ya fito daga masallaci, ƙamshin ƙasa ya cika gari, mutane sai hamdala suke yi suna gaisawa da fara'a. Shi kaɗai ne gabansa ya faɗi.

Ya gwada lambar kocin, ba ta shiga. Ya sake gwadawa, shiru.

Nababa, shugaban ƙungiyar matasan ƙauyen, ya same shi a ƙofar gida. Nababa yaro ne mai zafin nama da zafin baki, kuma yana ƙaunar Muntaka har cikin ransa. Ya ce ya yi magana da abokan karawar, sun ce za su gama shukarsu da safe su iso bayan la'asar. Abin da ya rage kawai a je a roƙi Malam Uwaisu ya ɗaga shukarsa zuwa gobe.

"Kai za ka yi masa magana, Yaya Muntaka," in ji shi. "In kai ne ba zai iya cewa a'a ba."

Gaskiya ce Nababa ya faɗa, kuma Muntaka ya san gaskiya ce. Shi ya sa ma ya je.

Suka tarar da dattijon a zaure, ya fito da sungumi, ga ƙwaryar irin gero a gefe. Suka durƙusa suka gaishe shi. Muntaka ya yi ta kewaye-kewaye, ya kawo zancen kocin, ya kawo zancen gwiwa, har ya kawo sunan mahaifinsa, abin da bai kamata ya yi ba. Malam Uwaisu yana saurare yana kallon ƙasa. Can ya ɗago.

"Ba komai, ɗan nan. Ku yi wasanku. Allah Ya ba da sa'a."

Ya miƙe ya mayar da sungumin bayan ƙofa.

Nababa ya fita da gudu yana shela an ba da fili. Muntaka ya koma gida ya ɗauko takalmin ƙwallonsa ya zauna yana gogewa, duk da a goge yake. Sauda tana dama koko ta tambaye shi yadda suka yi. Ya ce Baba ya yarda.

Ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Ya yarda, ko kun sa ya yarda, Baban Tahira?"

Ya ajiye takalmin. Ya ce bari ya je ya duba ko ruwa ya kwanta a fili.

Hanyar da ya bi gonaki ne hagu da dama, kuma kowace gona cike take da mutane. Magidanta a gaba suna sara da sungumi, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Har tsofaffin da ba sa fita ko kasuwa sun fito. Kowa sauri yake yi, domin ƙasar wajen yashi ce, danshi ba ya jiran kowa. Rana ɗaya mai zafi ta isa ta shanye shi.

Gona guda ce babu kowa a cikinta, sai turakun raga a tsaye. A gefenta Malam Uwaisu yana tsugune shi kaɗai. Bai ga Muntaka ba. Ya tura yatsa cikin ƙasa yana auna inda danshin ya kai, ya ciro, ya matsa gaba ya sake turawa. Ya damƙi ƙasar a hannu ya dubi sama, inda rana ta fara buɗewa.

Muntaka ɗan manomi ne, ba sai an yi masa fassara ba. In aka yi wasan nan, mutanen ƙauyuka za su tattake gonar da ƙafa da babura har ta daskare, gobe kuma danshin ya tafi. Sai dattijon ya jira wani ruwan, wanda babu mai sanin ranarsa sai Allah. Geronsa zai biyo bayan na kowa, kuma geron da ya rage shi kaɗai a tsaye bayan an yi girbi, shi tsuntsaye suke taruwa a kai. Abincin shekara ne na gidan mutumin.

Kunya ta kama Muntaka, irin wadda take sa mutum ya ji zufa a bayansa. Ya tuna kocin, ya tuna zuwa ɗaya ne, ya tuna mutum biyun nan da ke layi. Ya daɗe a tsaye.

Sannan ya shiga gonar, ya rungumi turken farko ya fara girgiza shi. Ƙasa ta yi laushi, bai sha wuya ba. Ya tuge shi ya kwantar a bakin hanya, ya koma kan na biyu.

Malam Uwaisu ya taso yana cewa ya bari, ai shi ya riga ya ba da izini, magana ta wuce.

"Baba, ba izini ka ba mu ba, nauyinmu ka ji," in ji Muntaka. "Ni ma na sani tun a zaure. Ka yafe mini. Bari in je in ɗauko sungumin."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya, doguwa, kafaɗunsa suka sauka. Ya juya kansa gefe yana gyara hula.

Da labari ya kai wa Nababa, ya zo a fusace da samari a bayansa. Ya ce Muntaka ya kashe kansa da hannunsa, ya ce mutum yana tahowa tun daga Kano saboda shi, me za a ce masa. Muntaka ya ce shi zai tare shi ya gaya masa gaskiya, abin da ya biyo baya kuma nasa ne. Ya ce a kira abokan karawar a ba su haƙuri, a nemi filin makaranta a Gezawa wata rana.

Samari suka yi ta gunaguni. Amma da wuya ka tsaya hannu a aljihu kana kallon babban yayanka yana sara, dattijo yana bin sa da iri. Ɗaya ya karɓi ƙwarya, wani ya ruga ya aro sungumi. Nababa ne na ƙarshe, ya shiga yana mita, kuma shi ya fi kowa sauri. Kafin azahar an shuke gonar kaf.

Abin mamaki, Muntaka ya ji ransa wasai. Abu ɗaya ne ya rage masa, hanya. Bayan la'asar ya je bakin titi ya zauna a gindin mangwaro, ƙafafunsa duk taɓo. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe yana leƙe. Ya shirya jawabin ban haƙuri, ya rushe, ya sake shiryawa. Rana ta yi sanyi, babu koci babu dalilinsa.

Ya riga ya yanke cewa mutumin ya ji labari ne ya juya a hanya, sai wayarsa ta yi ƙara.

Kamaruddeen ne. Muntaka ya miƙe tsaye, kamar mutumin yana ganinsa, ya fara zuba ban haƙuri. Ya ce an yi ruwa, ya ce filin gona ce, ya ce shi da kansa ya tuge turakun, kada a ga laifin kowa.

Kocin ya katse shi. "Dakata, Muntaka. Wai kana nufin da wasa za ku yi yau?"

Muntaka ya ce da an so a yi.

"A gonar mutum, ranar shuka? To wa zai kalle ku? Ni tun da na ga ruwan nan da safe na kama hanyar Shanono, gonar mahaifina. Yanzu na fito inda waya take kamawa. Ai ban ma yi zaton sai na gaya maka ba, na ɗauka ɗan ƙauye ya san wannan."

Muntaka ya koma ya zauna daɓas a ƙasa, dariya ta ƙwace masa, har da hawaye. Ashe da ya bi son ransa, da ya tattake abincin gidan aminin mahaifinsa, ya yi ta gudu yana tsalle yana waiwayen 'yan kallo, alhali wanda ake yi dominsa yana can Shanono da sungumi a hannu.

Kocin ya tambaye shi da gaske shi ya tuge turakun, yana sane da abin da zai iya rasawa. Ya ce eh. Sai kocin ya ce ya zo Rijiyar Zaki ranar Asabar da takalminsa, za su haɗa wasa a tsakaninsu, a can zai ga gwiwar.

Ya je, gwiwa ta riƙe, aka ɗauke shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya zama tauraro ba. Ya ci 'yan ƙwallayensa da ka kamar yadda ya saba, ya zubar da wasu da ko ni zan ci. Amma a karon farko a rayuwarsa ya gama kakar wasa, aka ce masa ya dawo baɗi.

Wasan ƙarshen kuwa an buga shi daga baya a Gezawa, aka lallasa su Nababa da ci biyu. Har yau yana cewa laifin Muntaka ne.

Darasi: Ba duk "ba komai" ba ne yarda. Wani yana ba ka abu ne domin yana jin nauyinka, kuma kai ma ka sani a ranka. Kada ka gina buƙatarka a kan kunyar wanda ya girmama ka, domin abin da Allah Ya rubuta naka ne ba ya buƙatar ka tattake gonar wani kafin ya iso gare ka. In labarin nan ya tuna maka wani da ka taɓa matsa wa har ya ce maka "ba komai", neme shi yau, sannan ka tura wa 'yan uwa su ma su karanta.