Shuni a Bangon Barmo

An ce wai a wani gari an yi attajiri mai karofi, sunansa Barmo. Cikin marinansa akwai Cindo, wanda ya shekara tara yana masa rini. Da rufin ɗakin uwarsa ya rufta, Cindo ya ranci kuɗi wurin maigidan, ya jinginar da gonarsa ta gado, bisa sharaɗin in Babbar Salla ta wuce bai biya ba, gona ta zama ta Barmo.

Bayan Ƙaramar Salla Cindo ya bar aikin, ya haƙa ramin rininsa. Ya haɗa kuɗin tsaf, sau uku yana tasowa daga bakin rami ya kai, sau uku ana cewa maigida ba ya nan. Babbar Salla na wucewa Barmo ya sa garma a gonar. Cindo ya ga abin da idonsa, ya nufi wurin Alƙali Malam Sambo.

Da aka kira Barmo ya ce, "Allah ya gafarta malam, tun da ya bar ni bai taka ƙofata ba."

Cindo ba shi da shaida, don barorin gidan tsoron rasa abincinsu suke. Alƙali ya dubi hannuwan Cindo da suka rine da shuni, sai ya juya ga Barmo da fara'a: "Na ji an ce ka gyara zaure?"

Barmo, da yake yabo abincinsa ne, ya gyara zama. "Farar ƙasa na sa aka shafe shi, sati biyu bayan tafiyar wannan butulun."

Alƙali ya ce, "Mu je mu sha kallo."

Da shigarsu ya ce wa Cindo, "Zauna inda ka saba jira, ka tashi yadda ka saba tashi." Cindo ya zauna a lungu, ya dafa bango ya miƙe. Gefen hannunsa ga shatin tafin hannu guda uku, shuɗi a kan fari. Jama'a suka ɗauki salati.

Alƙali ya ce, "Kai ka faɗi ranar shafe, bango ya faɗi sauran. Karɓi kuɗinka, ka kwance garmarka daga gonar mutane. Huɗar da ka yi kuwa ladan zaman jira ce."

Shi ya sa magabata ke cewa, wanda ke ɓuya wa mai biyansa bashi, ba kuɗinsa yake nema ba.