Shekarau Baduku da Labarin Motar da Ta Faɗi

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da akwatin rediyo ɗaya ke isar unguwa guda. Sunansa Shekarau, baduku ne, ɗinkin takalma da kube yake yi. Bawan Allah ne kawai, ba malami ba, ba attajiri ba. Abin da ya mallaka na a zo a gani shi ne wani tsohon rediyo da yake lulluɓewa da ƙyallen atamfa kamar jariri.

Allah sarki zamani! Da an idar da la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaurensa. Manoma, mahauta, wani lokaci har liman. A yi tsit, ko tari ba mai yi. In an gama labarai ya kashe don tattalin batir, waɗanda suka makara su ce, "Shekarau, me duniya ta ce?"

To ku saurara, a nan halinsa yake. In zai ba ka labari sai ya rarrabe maka shi. "Wannan rediyo ya faɗa. Wannan ni na gani da idona. Wannan kuwa a kasuwa na tsinta, ban san ubansa ba." Har ba'a ake yi masa, wai in ka ce ana ruwa a gabas sai ya tambaye ka wa ya jiƙe. Rediyon ma bai ɗauke shi wahayi ba. Yakan ce, "Mutum ne a ciki kamar ni. Sai dai shi yana faɗin sunansa, in ya yi kuskure gobe ya dawo ya gyara. Shi kuwa 'an ce' ba ya dawowa ya gyara."

Wata Laraba rediyo ya ce wata babbar mota ɗauke da 'yan cin rani ta faɗi a wata gada, mutum goma sha ɗaya sun rasu. Ba a faɗi sunaye ba. A garin akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, ɗanta tilo Inuwa bai yi mako da tafiya cin rani ba. Kashegari Mato mai goro ya dawo daga fatauci, tun bai sauke kaya ba ya ce ai Inuwa na cikin mamatan, wani direba ya gaya masa a tasha. Kafin azahar mata sun cika gidan tsohuwa, an fara kuka, an jiƙa geron sadaka.

Dattawa suka zo wurin Shekarau, don garin ba ya gaskata labarin nesa sai ya fito daga bakinsa.

Suka ce, "Ka je ka tabbatar wa tsohuwar nan ta dangana, liman ya yi masa salla."

"Me zan tabbatar?"

"Ba rediyonka ya faɗa ba?"

"Ya faɗi mota, ya faɗi gada. Bai faɗi Inuwa ba."

Mato ya harzuƙa. "Wato ni maƙaryaci ne, da furfurata?"

"Allah ya kiyaye, Mato. Ka ga gawar?"

"Ban gani ba."

"Direban ya gani?"

"Shi ma wani ya gaya masa."

"To kai ka faɗi abin da ka ji. Ni ba zan kashe ɗan mutane da bakina ba."

Aka watse ana ce masa mai taurin kai, marar tausayi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya karya masa zuciya shi ne da Iya Tabawa ta zo da kanta, tana dogara sanda. Ta ce, "Ɗana, ba ka taɓa yi mana ƙarya ba. In ya mutu ka gaya mini in yi kukana. In yana raye ka gaya mini in ci abinci."

Jama'a, wa zai ga laifinsa da ya ce yana raye, don ya sanyaya mata rai? Maganar ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. Hawaye na zuba ya ce, "Iya, ban sani ba. Amma ki ba ni kwana uku."

Ya naɗe fatunsa, ya hau mota. Ya je gadar, aka nuna masa asibitin wani gari. Ya bi gado gado yana dubawa. Can a lungu ga wani an naɗe masa kai, fuska ta kumbura, ba ya magana, ba wanda ya san sunansa. Shekarau har ya wuce, sai idonsa ya faɗa kan takalmin da ke ƙarƙashin gadon. Ɗinkin hannunsa ne, wanda ya yi wa Inuwa. Ya durƙusa ya ce, "Inuwa?" Sai mutumin ya motsa yatsa.

Likita ya ce jini yake bukata, da kuma mai jinya, da an ƙara kwana biyu haka da sai dai haƙuri. Shekarau ya miƙa hannu aka ɗiba. Ya aika gida da saƙo, ya haɗa da ƙafar takalmin ɗaya don kada nasa saƙon ya zama an ce. Mato ne ya fara isowa, da ƙullin fura a hannu, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Inuwa ya tashi, da ɗingishi dai, amma ya tashi. Bayan shekara tara shi ya sa uwarsa a kabari da hannunsa.

Ku saurara da kyau. Da an yi sallar nan, wa zai je neman wanda aka riga aka yi wa sadakar uku? Labarin da ba a bincika ba yana binne mai rai. Yau kowannenmu da rediyonsa a aljihu, ba ya jiran la'asar. Saƙo ya shigo, ba sunan mai shi, ba wanda zai dawo gobe ya gyara, kafin ka karanta ƙarshensa ka tura wa mutum hamsin. Wallahi abin yana ba ni tsoro. Ku tambayi wa ya faɗa, ku tambayi wa ya gani. In ba ku sani ba ku ce ban sani ba, ba abin kunya ba ne. Sunan da kake shirin turawa, ɗan wata ne, kuma tana can zaune ba ta ci abinci ba. Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu.