Shuɗin Hannun Malam Tanko

Akwai wani mai wankin hoto a Gwale da ake kira Hashim. Shekarun da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, shi ne ya fara kawo kwamfuta da injin buga hoto unguwarsu.

'Yan takara suka yi masa caa. Kowa so yake a ƙara masa haske, a goge masa tabo, a buga a takarda mai sheƙi. Duk fuskar da ta shiga shagon Hashim sai ta fito fara sol. Da haka kansa ya fara kumbura.

A tsallaken titi akwai Malam Isiyaku, dattijon da ya koyi aikin tun zamanin ɗakin duhu. Shi ma ya sayi 'yar kwamfutarsa, amma bai bar halinsa ba. Sai ya buga ɗan gwaji a guntun takarda, ya fito bakin ƙofa ya duba a hasken rana, ya koma ya gyara.

Hashim yakan ɗaga murya ya ce, "Baba, kafin ka gama hoto ɗaya ai an rantsar da gwamna."

Dattijon murmushi kawai yake yi.

Wata rana wata mata daga Kabara, Nana Hauwa, ta kawo wa Hashim ɗan katin kyamara. A ciki akwai hoton mahaifinta, Malam Tanko marini, wanda wani ɗan'uwansu ya ɗauka wata biyu kafin ya rasu. Hotonsa ke nan ɗaya tilo a duniya. Mahaifiyarta 'Yardada kuwa idonta na ta dushewa, likita ya ce ba zai dawo ba. Burinta ta ga mijinta tun tana iya gani.

Hashim ya buɗe hoton, ya ga hannuwan tsohon shuɗi har wuyan hannu. Ya ce, "Kyamarar ce ta ɓata kala. Yanzu zan gyara."

Hauwa ta ce, "Malam, ai Baba dama..."

Ya katse ta. "Malama, bar mini aikina."

Ya cire shuɗin, ya haska fuskar, ya buga a takarda mai sheƙi. Saboda tsabar yarda da kansa, ya ajiye gyararren a kan na asalin. Hauwa ta karɓa, tana tunanin wataƙila masu aikin sun fi ta sani.

A gida 'Yardada ta yi ta juya hoton, sheƙin takardar yana kashe mata ido. Da ƙyar ta samu ta gani. Sai ta ce, "Wannan wane ne? Shekara arba'in ina zuba wa hannun Malam ruwa, ban taɓa ganinsa ba shuni ba. Da shi aka kai shi makwancinsa. Mayar musu, ba mijina ba ne."

Hauwa ta koma shagon tana hawaye. Hashim ya duba katin, ya duba kwamfutar, na asalin babu shi. Ni dai a nan ya ba ni tausayi, don ba mugu ba ne, jin kai ne ya kai shi.

Bayan la'asar ya haɗiye girman kansa, ya tsallaka titi tare da Hauwa.

Malam Isiyaku ya saurare shi har ƙarshe, bai ce masa ai ga irinta nan ba. Sai ya tambayi Hauwa, "Marigayin yana da ɗan'uwa mai irin fatarsa da ke rini?"

Ta ce, "Akwai ƙaninsa, Baffa Sule."

"To a roƙe shi ya zo mana gobe da hantsi, kai tsaye daga wurin rini. Kada ya wanke hannu."

Kwana uku suka yi a kan hoto ɗaya. Su buga gwaji, su fito inuwar bakin ƙofa, su kara takardar da hannun Baffa Sule da goshinsa, su koma. Hashim ya ce a kwamfuta ai ya yi daidai. Dattijon ya ce, "Kwamfuta da haske take nuna maka, takarda kuwa tawada take sha. Kuma 'Yardada ba kwamfuta za ta riƙe ba."

Da kalar ta zauna, dattijon ya zaɓi takarda mai kauri marar sheƙi, wadda ba ta mayar da haske ido. Hashim da kansa ya rako Hauwa Kabara, ya tsaya a soro kansa a ƙasa.

'Yardada ta kai hoton dab da fuskarta. Ta ɗora ɗan yatsa a kan shuɗin hannun, ta shafa a hankali. Sai ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Malam, ka shigo ke nan ko hannu ba ka wanke ba."

Kafin azumin shekarar ganinta ya tafi gaba ɗaya. Amma ta riga ta gan shi.

Tun daga nan, in ka bi ta Gwale da hantsi, za ka ga Hashim a bakin ƙofa da guntun takarda yana dubawa a rana. Kuma ba ya taɓa hoton kowa sai ya tambayi wane ne a ciki.

Darasi: Ba duk abin da ka gani a jikin mutum ba ne aibi da ke jiran gyaranka, wani tarihinsa ne. Ka saurara kafin ka gyara, kuma kada sabon kayan aiki ya sa ka raina wanda ya riga ka. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura wa wani mai sana'a da ka sani.