Tulun Inna na Ƙarshe

Ƴar Sauri ake ce mata a gida, kuma ta ci sunanta. Maginiyar tukwanen ado ce mai hannu, ta gaji sana'ar wajen mahaifiyarta, amma haƙuri ko na sisin kwabo ba ta da shi. Tana murza yumɓu, hankalinta yana kan wuta.

Ita kuwa Inna hannu ya soma yi mata rawa. Da ƙyar ta gina wani dogon tulu mai siririn wuya, ta goge shi da dutse har yana sheƙi, ta zana masa ganyaye. Kowa a gidan ya san daga shi ba za ta sake gina wani ba. Ya bushe sarai a inuwa, gashi kaɗai yake jira.

Ana nan mai shagon kayan ado ya aiko cewa kantarsa ta yi wayam. Ƴar Sauri ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta leƙa rumfa, ta juya tukwanenta, ta fita, ta dawo ta sake juya su.

Inna ta ɗauki ɗaya ta kara a kumatu. "Akwai sanyi, ruwa bai gama fita ba. Ki bar su."

"Haba Inna, ai wuta za ta ƙarasa busar da su."

"Wuta ba ta lallashi, ƴar nan. Ɗanya ɗaya in ta fashe, da maƙwabtanta take tafiya."

Inna na shiga ɗaki, Ƴar Sauri ta kwashe su duka zuwa matoya, wurin gasa tukwane. Har da tulun ta jera a tsakiya, wai ta yi wa tsohuwa bazata. Ta lulluɓe su da itace da ciyawa, ta cinna wuta.

Ba a jima ba ta ji ƙara, sai wata, sai wata. Ta yi ta zagaya wutar, ba halin sa hannu.

Da toka ta huce ta tono wuyan tulun, shi kaɗai ya rage. Inna ta karɓa, ta shafa ganyen da ta zana da yatsunta masu rawa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Da na so in ga jansa."

Wannan magana ta fi mari zafi, kuma har yau tana cin Ƴar Sauri.

Mai karatu, kowane aiki yana da lokacinsa. Mai gaggawa ba kayansa kaɗai yake ɓatawa ba, yakan haɗa da na wanda ya fi ƙauna, kuma wata ɓarnar ba ta gyaruwa.